Wa ya ce sai an ƙirga mana taki kafin mu yi rawa?

Yau ba maganar tsadar buhun hatsi na zo da ita ba, ba kuma ta ɗaukewar wuta ba. Maganar rawa ce. Na san wani zai ce wanga yaro ya rasa abin yi. Ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, in ya so sai ku zage ni da hujja.

Watannin baya an yi tarbar wani babba a garinmu, cikin jihar Maradi. Ba zan faɗi sunansa ba, don kowa a cikinmu ya taɓa ganin irin wannan tarba, ko a Damagaram yake, ko a Tawa, ko a Yamai. Ƙanwata tana cikin ƴan mata ashirin da huɗu da aka zaɓo daga lakol. Mako uku ana fitar da su daga aji ana koya musu taki, wani saurayi riƙe da usur yana ƙirga musu: an, de, turwa, kat. An ɗinka musu kaya iri ɗaya. Ranar tarba an jera su tun ƙarfe takwas na safe, baƙon bai iso ba sai bayan azahar. Yarinya ɗaya ta faɗi saboda rana, aka ja ta gefe, aka matso da ta bayanta don kada layi ya yi giɓi. Da baƙon ya zauna a rumfa aka kunna lasifika, suka yi rawar minti huɗu. Wallahi ina kallonsa, rabin lokacin idonsa na kan salula. Aka tafa, aka ba kowace jika guda da ruwan leda, motoci suka tada ƙura suka tafi.

Ana cikin kwashe kujeru, wani tsohon makaɗin kalangu na unguwar mahauta, wanda ba a sa shi cikin shirin ba, ya zauna gindin bedi ya fara taɓa kalangunsa a hankali. Yara suka kewaye shi. Can sai ga ƙanwata ta cire takalmi, ta ɗaura gyale a ƙugu, ta faɗa tsakiya. Da farko ƙafarta kawai take bugawa a ƙasa, da ƙarfi, kamar mai neman faɗa. Tsoho ya bi ta da kiɗa. Ta tsaya cak, shi ma ya tsaya. Ta yi masa kallon tsokana ta juya, ya tarye ta da wani sabon sauti, mata suka rangaɗa guɗa. Ban taɓa ganin wannan takin ba, ita ma na tambaye ta daga baya ta ce ba za ta iya maimaita shi ba. A minti huɗun farko na ga kaya ashirin da huɗu suna motsi. A nan ne na ga ƙanwata: yarinya mai shekara goma sha biyar wadda ta yini cikin rana, ta ji haushi, kuma ta samu inda za ta sauke shi.

Na durƙusa na gaishe da tsohon, na ce, "Baba, mi ya sa ba a sa ku cikin shirin ba?"

Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, cewa sunka yi kiɗana ba shi tsayawa wuri guda. To ina za shi tsaya? Ni ƙafa nika kallo. Wadda ta zo da fushi, fushi nika kaɗa mata har ya sauka. Wadda ta zo da murna, in ƙara mata. Waccan na'ura tasu ba ta da ido."

Wannan magana ita ce ginshiƙin abin da nake so in faɗa. Rawa iri biyu ce a ƙasar nan. Akwai rawar dandali, wadda ake ƙirƙira nan take, tsakanin mai rawa da makaɗi da ƴan kallo. Akwai kuma rawar umarni, wadda aka tsara tun kafin ranar, don idon wani. Ta biyun tana cinye ta farkon, da kuɗinmu, da ɗiyanmu, mu kuma muna tafi.

Bari mu duba yadda ta farkon take aiki, don mutane da yawa sun ɗauka tsalle-tsalle ne kawai. Kalangu ganga ce mai siririn ƙugu, da tsirkiyoyi da suka haɗa fatar bakin nan da ta bakin can. Makaɗi yana matse ta a hammata, sauti ya hau, ya sassauta, sauti ya sauka. Hausa kuwa harshe ne mai hawa da saukar murya, shi ya sa kalangu ke iya magana: ya kira sunanka, ya kaɗa takenka, ya yi maka habaici. Mai rawa yana amsawa da ƙafa, da kafaɗa, da ƙugu. Yana iya jan makaɗi ya ƙara sauri, yana iya yanke shi. Ƴan kallo kuma ba zaune suke a gaba ba, kewaye suke, da tafi da guɗa da liƙi, kuma duk wanda kiɗa ya taɓa yana iya shiga. Mun saba cewa in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. A dandali abin yana tafiya ta ɓangare biyu: in rawa ta canza, kiɗa ma dole ya canza. Shi ya sa irin wannan rawa ba ta faruwa sau biyu. Ta yau ta yau ce, da zafin ranar yau, da labarin da aka kwana da shi a gari.

To daga ina rawar umarni ta fito mana? Tana da tarihi, kuma tarihin ba duka baƙi ba ne. Fodeba Keita, ɗan ƙasar Gini, ya kafa Ballets Africains a Paris a farkon shekarun 1950, ya ɗauki raye-rayen ƙauyuka ya tsara su don dandamalin Turai. Bayan Gini ta samu ƴanci a 1958, ƙungiyar ta zama ta ƙasa, sauran ƙasashe kuma suka kwaikwaya. Shi kansa Fodeba ya zama minista a gwamnatin Seku Ture, kuma a 1969 aka kama shi, ya mutu a gidan yarin Camp Boiro. A Zayar, Mobutu ya mayar da waƙa da rawar yabon shugaba aikin dole ga ma'aikata da ƴan makaranta. Mu a nan, bayan juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974, Seyni Kunce ya farfaɗo da Samariya, aka riƙa yin bikin matasa na ƙasa inda jihohi ke gasar waƙa da rawa da wasan kwaikwayo. Iyayenmu har yau suna ba da labarin wannan zamani da shauƙi, kuma suna da gaskiya: ya sa Bahaushe ya ga rawar Bazabarme, Babarbare ya ga ta Buzu, ya fito da gwanaye daga ƙauyukan da ba wanda ya san sunansu.

Amma mu faɗi abin da aka biya. Don rawa ta hau dandamali sai da aka kwance da'ira aka mayar da ita layi, kowa ya ba ɗan uwansa baya ya fuskanci rumfar manya. Aka sa mata agogo. Aka sa alƙalai masu ba da maki, makin kuma na wanda ya fi daidaita ƙafa da na kusa da shi ne. Makaɗi ya daina kallon mai rawa, ya koma kiyaye abin da aka haddace. A hankali sai muka yarda cewa wannan ita ce "al'adunmu na gargajiya", ta dandali kuma wasan banza.

Daga nan kowane mulki ya gaji abin, na farar hula da na soja, don ba mai mulkin da ba ya son ganin matasa a jere suna murmushi. Ku tuna bukukuwan 18 ga Disamba da aka zagaya da su: Dosso Sogha a 2014, Maradi Kolliya a 2015, Agadez Sokni a 2016, Tahoua Sakola a 2017, Zinder Saboua a 2018. An yi kwalta, an yi gine-gine, an yi manyan raye-raye na ɗaruruwan yara. Ina tambaya: da aka nannaɗe tutoci, fili nawa aka bar wa matasan unguwa inda za su taru da dare su yi wasa ba tare da neman izini ba?

Sai kuma masu froje suka zo da nasu salon. Yau ana son rawa a kan wanke hannu, gobe a kan gidan sauro, jibi a kan zaman lafiya. A rubuto saƙo daga ofis, a kira ƴan wasa, a ba su rigar da ke ɗauke da tambarin mai ba da kuɗi, a ɗauki hoto don rahoto. Saƙon na iya zama mai kyau, ban musa ba. Amma jikin yaron ya zama allon talla. Ba wanda ya tambaye shi abin da ke cinsa.

Na ƙarshe kuma shi ne wanda muka sa wa kanmu da hannunmu: salula. A TikTok wani a Legas ko Abijan zai ƙirƙiro taki na daƙiƙa goma sha biyar, kafin mako yara dubu daga Konni zuwa Magarya suna maimaita shi, kowa shi kaɗai a ɗaki, yana fuskantar gilashi. In ya kuskure ya goge ya sake. Wanda ya ƙirƙiro takin ya yi rawa. Sauran kwafi suke yi, kamar yadda muka kwafi darasi daga allo a lakol. Usur ne dai har yanzu, sai dai wannan karon a aljihunmu yake.

Abin da ya fi ba ni dariya mai ciwo shi ne wannan. A New York, a 1962, wasu matasan masu rawa suka fara taruwa a cocin Judson don sun gaji da tsararriyar rawa. Ɗaya daga cikinsu, Steve Paxton, ya fito a 1972 da wani salo inda mutum biyu ke jingina da juna, suna ba juna nauyin jiki, ba tare da sun shirya abin da zai biyo baya ba. Yau ana koyar da wannan a manyan makarantu na duniya. Lokacin ina jami'a na taɓa shiga wani horo na kwana uku a Yamai, inda wata baƙuwa ta ce kowa ya rufe ido ya faɗi ta baya, abokansa su tare shi, don a koyi yarda da juna. Muka yi, muka tafa, aka ba mu takardar shaida. A hanyar komawa na tuna cewa wannan ai gaɗa ce. Kakata ta yi ta a farin wata: ƴan mata su tsaya suna tafi da waƙa, ɗaya ta saki jiki ta faɗo da baya, su cafe ta su cilla ta sama. Ba na zargin baƙuwar, aikinta ta yi, kuma da zuciya ɗaya. Mu nake zargi, da muka bar gaɗa ta mutu a unguwanni da yawa, sannan muka je muka karɓo ta da takardar shaida.

Yanzu bari in amsa wa masu suka, don na san suna nan, wasu ma abokan gwagwarmayata ne.

Na farko zai ce: rawar da ba a shirya ba ai hauka ce, kowane kasasshe zai iya. A'a. Je ka filin kokowa. Tun 1975 da aka fara gasar takobi a Tawa, wane ɗan kokowa ne ya taɓa shiga fili da jerin kamun da zai yi a rubuce? Yana shekara yana horo, ya san kamu iri-iri, amma in an busa, abin da abokin karawa ya kawo shi zai amsa, cikin ƙiftawar ido. Ba wanda ya ce wannan rashin gwaninta ne. In ma aka gano an shirya kokowa tun daga gida, cewa muke an sayar da wasa. Haka rawar dandali take. Tana da ƙa'ida: ka san kiɗan mahauta daban da na noma, ka san lokacin shiga da lokacin fita, ka san ba a tare wa babba fili, ka san yadda ake gaida makaɗi. Yaro yana shekaru a bakin da'ira yana kallo kafin ya iya. Wanda ya haddace taki goma sha biyu ya san taki goma sha biyu. Wanda ya iya amsa wa kalangu ya san harshen gaba ɗaya.

Na biyu zai ce: addini fa, da tarbiyya? Wannan magana ba ta wasa ba ce, kuma ni ba malami ba ne, ba zan ba da fatawa ba. Iyayen da ke tsoron cakuɗuwar maza da mata da dare suna da dalilinsu. Amma ina roƙon a auna da mudu ɗaya. In ƴan mata sun yi gaɗa tsakaninsu a ƙofar gida, iyayensu mata na zaune, sai a ce lalacewa, a kore su. In an kwashi waɗannan ƴan matan dai, an fitar da su daga aji, an jera su suna girgiza a gaban rumfa cike da maza manya, sai a ce al'ada, kuma ban cika jin mai wa'azi ya ɗaga murya ba. Wanne ya fi kusa da mutunci? Sannan da aka rufe dandali, rawa ba ta mutu ba. Ta koma ɗaki, ta shiga salula, inda ba kaka, ba gwaggo, ba maƙwabciyar da za ta ce ke, gyara zanenki. Dandali yana da idon unguwa. Intanet yana da idon duniya, kuma ba ya mantuwa.

Na uku, wanda ya fi nauyi, zai ce: ana ruwa ya ci makaɗi, kai kana ganga ta jiƙe. Tun 2019 dubban mutane suka tsallako daga Zamfara da Sakkwato da Katsina zuwa yankin Gidan Runji saboda ƴan bindiga. Ƙauyukan Madarunfa na kwana da ido ɗaya. Ambaliyar 2024 ta rushe gidaje a Maradi, ta kayar da tsohon masallacin Damagaram. A cikin wannan hali wa ke ta rawa? Na ji, kuma ba na cewa kalangu zai kori ɓarawon shanu. Amma ku dubi abin da muke koya wa yara. Kusan rabin ƴan Nijar ba su kai shekara 15 ba. A aji a ce su maimaita. A gida a ce su yi shiru. A wurin tarba a ce su jira usur. Sannan mu ƴan ƙungiyoyin farar hula mu kira taro muna kukan cewa matasa ba sa tambaya, ba sa tsayawa su ƙi zalunci, kowa ya zo da kuɗi sai ya ja su. To a ina za su koya? Da'irar dandali tana cikin wurare kaɗan da yaron talaka zai shiga tsakiya, gari na kallonsa, ya yanke shawara da kansa, ya yi kuskure a yi masa dariya, ya gyara, ya fita ya ba wani wuri. Wanda bai taɓa ɗaga ƙafa ba sai an ƙirga masa, da wuya ya ɗaga murya ba a ba shi izini ba. Kuma wanda ya kwana da tsoro ko baƙin ciki yana bukatar inda zai sauke shi. In bai samu fili ba, zai samu turamol.

Akwai abu ɗaya da zan amsa da kaina kafin a jefo mini shi. Ba kowace rawar dandali ce gaskiya ba. Liƙi yana ɓata makaɗi, ya bar gwana ya bi mai kuɗi. Akwai mai shiga don a gan shi kawai. Haka ne. Bambancin shi ne a da'ira ƙarya ba ta daɗewa: tafi zai yi sanyi, guɗa ta ƙi fita, mai ita ya ji a jikinsa ya fice. A gaban rumfar manya kuwa ko me aka yi sai an tafa, don tafin ma yana cikin shirin.

Ban ce a soke tsararriyar rawa ba. Masu yin ta sana'a suna shan wahala, sun cancanci a biya su da kyau. Abin da nake ƙi shi ne ta zama ita kaɗai ce ke da izini, da kuɗi, da suna. Don haka ga abin da nake nema, kuma ba ɗaya a ciki da ke bukatar miliyoyi.

Hukumomin ilimi su hana fitar da yara daga aji don tarbar kowane babba. Wanda ke son a yi masa rawa ya ɗauki ƴan wasa manya ya biya su.

Magadan gari su buɗe gidajen matasa da al'adu, MJC, yamma ɗaya a mako, a kira makaɗan gari da kalangu da ganga da goge, a biya su daga kasafin al'adu, ba lasifika, ba jawabi, ba alƙalai. A ware wata yammar ta mata zalla, iyaye mata su riƙe ƙofa.

Masu froje, in da gaske kuna son jin matasa, ku biya makaɗi, ku ajiye saƙonku a jaka, ku zauna a bakin da'ira ku kalla. Za ku fahimci garin fiye da yadda takardar tambayoyi za ta nuna muku.

Mu kuma ƴan fada, kuɗin shayi da sukari na mako guda ya isa a sallami makaɗi na yamma ɗaya. Ku nemi izinin mai unguwa, ku share fili, ku yayyafa ruwa, ku gayyaci tsofaffi su zauna. Sharaɗi ɗaya: salula ta zauna a aljihu. Abin da aka yi a wurin na waɗanda suka zo ne.

Tsohon nan na gindin bedi ya haura saba'in, kuma ya gaya mini a cikin ɗiyansa ba wanda ya ɗauki kalangu, duk sun tafi kabu-kabu. Irinsa suna nan a Tibiri, a Mirriya, a Madawa, a kowace unguwar mahauta, suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Mu a fadarmu mun riga mun je mun same shi, ya ce ranar Asabar bayan la'asar yana nan. Ƙanwata ta ce za ta zo da ƙawayenta. Ku ma ku nemi naku tun yana da ƙarfin matse kalangu.

Allah ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka.